Sahu Uku Don Mahaifiyar Abu Yusuf

Zangona na farko a Amurka wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa a garin Wheaton, mu biyar a ciki. Mutumin da ya yi mini hanyar zuwa ya ce akwai aiki yana jirana a wani kamfanin nama, har ya nuna mini hoton ginin a wayarsa tun muna Gusau. Da na iso na tarar da ginin yana nan, sai dai mutanen ciki ba su taɓa jin sunansa ba, balle nawa. Sau biyu ya amsa kirana. A na uku aka ce lambar ba ta aiki. Ba zan rubuta sunansa ba, yana da 'ya'ya.

Wankin mota na fara samu. Lokacin sanyi ne, ruwan yana daskarewa a jikin ƙarfe kafin ka goge, hannuwana suka tsage har ba na iya dunƙule su. Amma ba sanyin ne ya fi damuna ba, rashin gaisuwa ne. Wata rana na haɗu da maƙwabcinmu a matakala, na tambaye shi gida, da aiki, da gajiya. Ya tsaya ya dube ni, ya ce me nake so. Daga ranar na koyi ɗaga kai kawai in wuce. In na kira gida sai in ce wa mai ɗakina Hadiza komai lafiya. Ita ma sai ta ce komai lafiya. Kowannenmu ya san ɗaya yana rage wani abu.

Gidanmu gidan fawa ne, tun kakanni. Wannan ne ya kai ni zango na biyu. Na shiga wani shagon naman halal a nan Wheaton zan sayi kayan ciki, sai na ga ma'aikacin yana saran cinyar rago ta inda ba gaɓa, ƙashi yana tarwatsewa cikin tsoka. Ban san lokacin da na ce masa ya ba ni wuƙar ba. Na bi gaɓar na raba ta, na ajiye. Mai shagon yana tsaye yana kallo, wani dattijo gajere mai furfura a gira. Ya ce, "Gobe ƙarfe bakwai." Iyakar maganar ɗaukar aikin ke nan.

Sunansa Abu Yusuf, Bafalasɗine ne daga wani ƙauye a Yammacin Kogin Jordan. Da guntun Turancina da guntun Larabcin makarantar allo muke magana. A makon farko ya tambaye ni sunan babban ɗana, don su da shi suke kiran mutum. Na yi ƙoƙarin gaya masa cewa mu ba mu faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Ya yi dariya har ya dafa teburi. A ƙarshe na rubuta masa a takardar naɗe nama, kuma da shi yake kirana har yau. A nan zan sa Isa a madadinsa.

Ina shekara ta uku a shagon Hadiza ta rasu. Ciwon kwana huɗu. Takardar zamana ta riga ta ƙare a lokacin, in na fita ba dawowa, yara kuma da abin da nake aikawa suke ci suke karatu. Ban je ba. Ƙanena ya kira ni bayan sun dawo daga maƙabarta, ina tsaye a ɗakin sanyi tsakanin raguna. Abu Yusuf ya leƙo, ya ga fuskata, ya karɓe wuƙar daga hannuna. Ya ajiye mini kujera a bayan shago. Kwana uku yana aikina da nasa, yana kawo mini shayi, bai ce in yi haƙuri fiye da sau ɗaya ba. Iyakar abin da zan faɗa game da wannan ke nan.

Bayan shekara biyu ciwon mahaifiyarsa ya tashi. Labarin ya zo mini guntu-guntu, don wayarsa a kan teburin yanka take kullum, ƙanwarsa tana kira, shi kuma yana fassara mini abin da ya ga dama. Asibitin da zai iya aikin tsohuwar yana birnin Ƙudus. Ya ce daga saman rufin gidansu ana hango birnin, amma mutumin ƙauyensu ba ya shiga sai da takardar izini. Aka nema wa tsohuwa, aka nema wa ƙanwar da za ta yi jinya. Ta tsohuwa ta fito. Ta ƙanwar aka ce ana dubawa. Suka jira kwana biyu, jiki ya ƙi, sai aka tafi da ita ita kaɗai. A shingen bincike aka sauke ta daga motar asibiti ɗaya aka sa ta a wata, 'yarta tana tsaye a wancan gefe riƙe da jakar kayanta. Abu Yusuf ya yanki tikitin jirgi zuwa Jordan. Kafin ranar tashinsa tsohuwar ta cika. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta riƙe hannunta, kuma ya ce bai san ko Balarabiya ce ko Bayahudiya ba, bai tambaya ba. Aka mayar da gawar ƙauye aka rufe ta a ranar.

Washegari ya buɗe shago kamar kullum. Wajen hantsi ya ce mini yana so a yi mata sallar gawa a nan, ko da yake gawar ba ta nan. Ban taɓa ganin an yi haka ba, mu a gida sai gawa tana gaba ake salla. Hadiza ta faɗo mini a rai. Na ce to a sanar ranar Juma'a a babban masallaci, mutane za su cika.

Ya girgiza kai. "In na sanar, wani zai karɓi lasifika. Zai yi jawabi a kan ƙasa, a kan siyasa, a tafa masa ko a yi masa ihu. Uwata ba ta taɓa yin jawabi ba, zaitun take jiƙawa a tulu. Sahu uku kawai nake so, Isa, na mutanen da za su yi shiru. Surukina zai zo, da wani ɗan garinmu. Sauran ban da su."

Na ce ya bar mini wannan. Na ce masa mutanena sun san ta'aziyya, tun muna yara muke zaman makoki. Na yi masa alkawarin ba wanda zai yi jawabi.

Na fara da Alhaji Garba, dattijon da ke tuƙa tasi, shi ke ja mana salla in mun haɗu. Ya ce a gida ba mu saba ba, amma malamai da yawa sun halatta, zai zo. Na kira mutum huɗu daga tsohon ɗakinmu. Sannan na kira manya biyu, don ina so Abu Yusuf ya ga cewa ni ma ina da mutane masu daraja. Ɗaya Dakta Kabiru ne, likita Bakano da ke zaune a Bowie, wanda ya taɓa ɗinke mini yatsa bai karɓi komai ba. Ɗayan Malam Lawali ne, ɗan jarida a sashen Hausa na wani gidan rediyo, mutumin Damagaram, yana zaune a Greenbelt. Su biyun abokan wasa ne, kamar yadda Kanawa da Damagarawa suke, ba su haɗuwa ba su taɓa juna ba.

Kuskurena na farko shi ne lokaci. La'asar a ranar wajen huɗu da rabi take. Na san halinmu, sai na ce wa kowa ƙarfe uku da rabi, don su iso a kan kari. Na manta cewa mutanen nan sun daɗe a Amurka. Uku da rabi daidai kowa ya iso, har Dakta da rigar asibiti a ƙarƙashin kwat. Muka shiga ɗan ɗakin sallar da ke bayan shagunan layinmu, inda 'yan tasi da masu shaguna ke yin azahar da la'asar. Aka yi wa Abu Yusuf ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya, aka shafa fatiha. Ya zauna jikin bango tare da mutanensa biyu. Sai ga awa guda a gabanmu, ba abin yi.

Na biyu kuma, na manta yadda zaman makokinmu yake. Ana addu'a, a yi shiru kaɗan, sannan hira ta ɓalle a kan gwamnati da tsadar taki. Mai makoki ba ya jin haushi, don ya san haka ake yi, hirar ma tana ɗauke masa hankali.

Malam Lawali ne ya matso ya tambaye ni, cikin Hausa, ƙasa-ƙasa, ciwon me ya yi ajalinta. Na ba shi labarin takardar da motocin biyu. Ya jinjina kai ya ce, "Wannan ai shi ne apartheid. Abin da aka yi wa baƙaƙe a Afirka ta Kudu, shi ne wannan."

Dakta ya ce, "Kai Badamagare, a rediyonku ka isa ka faɗe shi haka gatsau?"

"A rediyo ina cewa wasu na cewa. Nan ba rediyo ba ne, bawana."

"Wa ye bawan wani? Ku da kuke zuwa Kano sayen allura." Aka ɗan yi murmushi. Sai Dakta ya gyara zama. "Amma da gaske, Malam, kalmar nan tana da gidanta. Can doka ce ta raba mutane da launin fata, baƙi ba ya zaɓe, ba ya zama unguwar fari. A cikin Isra'ila akwai Larabawa da ke zaɓe, suna majalisa, na yi aiki da likita Balarabe da ya yi karatu a can. Abin da ke faruwa a Yammacin Jordan mamayar soja ce da rikicin ƙasa. Mugun abu ne, ban ce ba zalunci a ciki ba. Amma in ka sa masa sunan da ba nasa ba, sai a bar zaluncin a koma gardamar suna."

"Bon," in ji Malam Lawali da Faransanci. "To mamayar da ta wuce shekarun ɗan Adam, har yaushe za a riƙa kiranta ta wucin gadi? Mutum biyu a tudu ɗaya, wannan in ya yi laifi kotun farar hula, wancan kotun soja. Wannan da hanyarsa, wancan da shinge. Kalmar ta daɗe da barin Afirka ta Kudu, tana cikin dokokin duniya yanzu, kuma masu kare haƙƙin ɗan Adam sun faɗe ta, har da na cikin Isra'ilar."

"Wasu kuma sun ce ba haka ba ne. Shingen nan ba daga sama ya faɗo ba. Ina da abokiyar aiki da aka kashe ɗan yayarta a tashar mota. Ita in ka tambaye ta, tsoro za ta ce maka."

"Tsoron tsohuwa mai ciwon zuciya? Ko tsoron 'yarta da jakar zannuwa?"

Alhaji Garba ya ɗaga carbinsa ya ce, "Jama'a, a bari." Suka sassauta murya, ba su bari ba. Wasan ya fita daga maganar, ba wanda ya ƙara cewa bawana. Ɗaya daga cikin 'yan tsohon ɗakinmu ya sa baki, wani ya amsa masa. Ni kuma ina kallon Abu Yusuf. Ba ya jin Hausa ko kaɗan. A duk abin da ake faɗa kalma ɗaya ce yake ganewa, kuma tana ta dawowa, daga dama, daga hagu. Duk lokacin da aka faɗe ta sai in ga ya runtse ido kaɗan.

Ya kamata in yi magana tun a nan. Ban yi ba. Ni mahauci ne, su kuma Dakta ne da Malam, kuma ni na roƙe su suka bar aikinsu suka zo.

Sai Malam Lawali ya juya ya koma Turanci. Da ladabi ya yi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka gafarce mu. Kai ne ɗan ƙasa, kai za ka raba mu. Abin da aka yi wa mahaifiyarka, apartheid ne ko ba shi ba ne?"

Abu Yusuf bai dube shi ba. Ni ya duba. Sannan ya dafa bango ya tashi, ya sa takalmansa, ya fita. Surukinsa ya yunƙura zai bi shi, ya yi masa alama da hannu ya zauna.

Na juya wajen manyan biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe Dakta, Malam Lawali, ku yi mini haƙuri. Karatuna bai kai in shiga maganarku ba, ban san wanda ya fi gaskiya ba. Abu ɗaya mutumin nan ya roƙe ni, kada a yi jawabi a kan uwarsa. Na ce masa mutanena sun san ta'aziyya. Da tana kwance a nan gabanmu cikin likkafani, da an yi wannan maganar?"

Dakta ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga. Malam Lawali ya ce, "Wallahi ni taya shi nake yi." Na ce na sani.

A shago na same shi. Ya ɗaura gyauton aiki, yana cire kitse daga wata kafaɗar rago da ni da kaina na riga na gyara da safe. Na tsaya a bakin teburi.

Bai ɗago ba ya ce, "Wanne ya ce e, wanne ya ce a'a?"

Na gaya masa. Na ƙara da cewa wanda ya ce a'a bai ce ba zalunci ba, suna kawai yake ja.

"Kai fa?"

Ba na so in faɗi abin da ban sani ba don in faranta masa. Na ce, "Ban san kalmar sosai ba. Abin da na sani shi ne uwa tana mota, 'yarta tana bayan shinge. Wannan na san ba daidai ba ne, ko me ake kiransa."

Ya ajiye wuƙar. "Shekara talatin nake amsa tambayar nan, Isa. Masu sayen nama, malaman makarantar 'ya'yana. Har likitan haƙori ya taɓa tambayata, bakina a buɗe, hannunsa a ciki. Ina da amsa. Ni da wannan sunan nake kiransa, kuma ina da dalilaina. Amma in na faɗa a ɗakin can, ɗaya zai ji daɗi ya ci gardama, ɗaya ya fara kawo hujja. Da uwata za a ci gardamar. Na gaji."

Na ce laifina ne, ni na tara su da wuri, ni kuma na yi shiru. Bai ce ba komai ba. Ta bango muka ji Alhaji Garba ya fara kiran salla da siririyar muryarsa. Abu Yusuf ya tsaya yana kallon naman.

Na ce, "Ba wanda ya tafi. Na ƙirga, sahu uku suna nan. Ba zan sake yi maka alkawarin shiru ba, na riga na karya ɗaya. Amma suna nan."

Har aka gama kiran bai motsa ba. Sannan ya kwance gyauton, ya je famfo ya wanke hannunsa da sabulu har gwiwa, a hankali, ya yi alwala.

Bayan an idar da la'asar Abu Yusuf ya wuce gaba. Muka jeru sahu uku a bayansa. Dakta da Malam Lawali suka tsaya a sahun ƙarshe, kafaɗa da kafaɗa, don nan ne wuri ya rage. Babu komai a gaban liman sai bango da na'urar ɗumama ɗaki. Ya yi kabbara huɗu. A ta uku ya daɗe, muna jin numfashinsa, ba wanda ya yi ko tari. Da ya yi sallama mutane suka bi layi suna ba shi hannu. Kowa Allah ya jiƙanta kawai ya ce, da Hausa, har manyan biyu. Ban fassara ba, shi ma bai tambaya ba.

Muka koma shago, mata biyu suna jira a bakin ƙofa da kwandunansu. Yana ɗaura gyauto ya tsaya a jikin gilashin gaba. A wurin ajiye motoci Dakta da Malam Lawali suna tsaye kusa da motar Dakta, ƙofar a buɗe, ba wanda ya shiga. Hannun Malam Lawali yana sama yana lissafa wani abu da yatsu, Dakta yana girgiza kai.

"Sun ci gaba?" in ji shi.

"Sun ci gaba."

Ya ɗan jima yana kallonsu. Ya ce, "Ka ce musu su zo ranar Lahadi, su biyun. Zan amsa musu. Su zo da lokaci, don ba amsar e ko a'a ba ce kawai, daga gonar kakana zan fara."

Na ce to, zan kawo kujeru uku bayan shago, in ya yarda in ƙara ta huɗu.

"A'a," ya ce. "Kai za ka riƙe shago. Kai ka riga ka ji, kana tsaye a nan lokacin da ƙanwata take kira a waya." Ya juya wajen matar farko ya tambaye ta me za a yanka mata.